Tiyon Jirgin Bunzo da Hannun Matata

Duk wanda ya sauka a tashar jiragen ruwan ƙauyenmu, Kurahama, ya tambayi mai gyaran jirgi, shagona za a nuna masa. Sunana ne a jikin allon, Sadao Orikasa, ni na rubuta shi da hannuna shekara talatin da huɗu da suka wuce. Amma in mutumin ya iso bakin ƙofa, abin da zai fara cewa shi ne, "Tokie tana nan?" Tokie matata ce. Labarinta zan bayar, kuma gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ce ya gano ni: ina kishinta. Ba kishin da miji ke yi in an kalli matarsa ba, ko da yake shi ma ya leƙo daga baya. Irin kishin da maƙeri ke yi wa maƙeri nake nufi.

Tokie ba 'yar teku ba ce. A kan tudu aka haife ta, gidan manoman lemo, ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar. Har yau in ta hau jirgin fito za ta babban gari, kwanciya take yi ta rufe fuska da tawul, ta sauka kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Shekara goma sha ɗaya ta yi a masana'antar kifi tana zare ƙaya da hantsaki, a can na gan ta ranar da na je gyara musu famfo. Ƙarama ce, in ta tsaya kusa da ni kanta bai wuce hammatata ba, hannuwanta kuwa sirara ne dogaye. Ranar da na kai ta gidanmu, uwata ta bi ta da kallo har ta fita, sannan ta ce, "Wannan ko rabin buhun shinkafa ba za ta ɗaga ba." Ba ta ɗaga ba kuwa, har uwata ta rasu. Ta haifa mini 'ya ɗaya, Natsue, ta yi girki, ta yi shara, ta amsa waya a shago. Shekara ashirin babu wanda ya san ta da wani abu ban da haka, har da ni.

Jiragen tasharmu yanzu ba na masunta ba ne. Na ɗaukar baƙi ne, mutanen birni da ke zuwa Asabar da Lahadi su jefa fatsa, su koma gida da kifi biyu da hoto ɗari. A irin jirgin nan, ruwan sama da feshin teku da ruwan wanke jinin kifi duk ta ramuka biyu suke bi a kusurwoyin baya. Daga kowane rami akwai tiyo da ke ratsa ƙarƙashin daɓen jirgin ya fitar da ruwan ta gefe, sama kaɗan da fuskar teku. Tiyon nan a duhu yake tsufa, ba mai ganinsa. In ya tsage, ruwan da ya kamata ya fita sai ya zube a cikin jirgi. In kuma baƙi suka taru a baya don kallon babban kifi, bakin tiyon ya nutse, to teku ce da kanta za ta shigo. Masu ƙera jirgi kuwa sai sun sa tiyo sannan su rufe daɓe a kansa, ba ruwansu da wanda zai zo canzawa bayan shekara goma.

Ni dabarata zarto ce. In yanke daɓen, in canza tiyo, in liƙe, in goge, in yi fenti. Aikin kwana biyu, kuma tabon yana nan har abada. Haka na koya, haka kowa ke yi, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Shekarar da ma'aikacina ya bar ni ya koma birni, sai Tokie ta fara bina tana riƙe mini tocila. Wata rana muna kan jirgin Rikio, wani mai jirgi da bakinsa ya fi injinsa gudu, na gama aune-aune na ja layi zan yanka, sai ta ce, "Baban Natsue, kafin ka yanka, bari in gwada."

"Ki gwada me?"

"In ga ko hannuna zai kai."

Na yi dariya, Rikio ya taya ni. Ba ta kula mu ba. Ta buɗe ɗan murfin da ake leƙa cikin jirgi ta nan, wanda faɗinsa bai fi faranti ba, ta kwanta a gefenta, kuncinta a kan daɓe, ta rufe ido, ta zura hannu har kafaɗa. Ta ce in miƙo mata ƙaramar sukudireba. Ba a yi minti goma ba ta zaro tsohon kilif, zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo, ya ci tsatsa, ta ajiye shi a tafin hannuna. Rikio ya daina dariya. Ni ma na daina, amma dalilinmu ba ɗaya ba ne.

Daga nan ta fito da hanyarta, ba wanda ya koya mata. Takan zo da butar shayi, ta tsoma bakin sabon tiyo a tafasasshen ruwa har ya yi laushi. Takan haɗa sabon da jelar tsohon, ta ja tsohon daga ɗaya gefen, shi ya yi wa sabon jagora ta cikin duhu. Kilif biyu take sawa a kowane baki, ɗaya notinsa na kallon sama, ɗaya na kallon gefe. Ni ɗaya nake sawa, kuma na gaya mata ɓarna ce, ta ce to, ta ci gaba da sa biyu. In ta gama, sai ta toshe bakin waje da tsumma, ta cika tiyon da baƙin shayi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi, ta zauna ta jira. In ƙyallen ya fito fari, ta naɗe kayanta. Aikin kwana biyu ya koma na safiya ɗaya, babu yanka, babu tabo.

Labari ba ya kwana a tasha. Kafin shekara ta zagayo, masu jirgi daga tsibirai uku suna kawo jiragensu wajenmu. Da farko sukan ce, "Sadao, ko za ka zo da uwargida?" Daga baya suka koma, "Ka turo uwargida." Daga baya kuma suka daina bi ta kaina. Daga tiyo ta zarce zuwa wayoyi da famfo da duk abin da ke ɓoye a lungu. Injin ne kawai aka bar mini, shi ma don nauyi.

"Maigida, sannu da hutawa," in ji Rikio in ya same ni a bakin shago. "Mai shagon ta fita ne?"

"Ka dubi allon, in ka iya karatu."

"Na duba. Ai shi ya sa na tambaya, na ga har yanzu ba a gyara kuskuren ba."

Sai sauran su kwashe da dariya, ni ma in taya su don kada a ce na ji haushi. Na ji kuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita ko a jikinta. Ba ta taɓa yin fahari ba. In an yabe ta sai ta sunkuya ta ce, "Shi ya koya mini," alhali duk tasha an san ƙarya ne. Da tana da girman kai da na sami abin kamawa. Mutum ya dawo gida da cikinsa cike da faɗa, ya tarar an ɗora masa ruwan wanka, an gasa masa kifin da yake so, da wa zai yi faɗan?

Jirgi ɗaya ne ya rage nawa ni kaɗai, Yachiyo-maru, jirgin Bunzo. Bunzo ya girme ni da shekara goma sha biyu, tsohon masunci ne da ya koma ɗaukar baƙi, matarsa Kinuyo ta rasu tuntuni. Shi mutumin da ne. Kowane jirgi yana da funadama, uwar jirgi, wadda maƙerinsa ke rufewa a wani ɗan rami ranar da ya gama: gashin mace, da 'yan tsaba, da 'yar tsana biyu. Mace ce, kuma kowa ya san ba ta son wata mace kusa da ita. Samarin yanzu sun manta da wannan, amma Bunzo kullum da safe sai ya zuba mata ɗan ruwa da shinkafa. Mata baƙi kam yana ɗaukarsu, don ciki ba ya jiran al'ada, amma yana da iyaka.

"Daɓe kasuwa ce, kowa ya taka," haka yake faɗa da ƙarfi a gaban jama'a. "Amma cikin jirgi ɗakinta ne. Hannun mace ba ya shiga nan muddin ina numfashi. Sadao ne mai gyaran jirgina."

In ya faɗi haka sai in ji kamar an sa mini hula. Ni ban damu da funadama ba, rabona da zuba wa wani abu shinkafa tun ina yaro, amma a kan jirgin Bunzo na fi kowa riƙon al'ada. In wani ya ce tsohon yana da taurin kai, ni ne mai tare masa. Ko kayan aiki Tokie ta kawo mini, a kan gadar da jirage ke tsayawa nake karɓa, in ce mata, "Tsaya nan, kin san dokar mutumin." Sai ta tsaya. Muddin jirgin nan yana hannuna, ni mai gyara ne, ba mijin mai gyara ba.

Bana, ana saura mako biyu damina ta sauka, Bunzo ya kira ni. Ruwa yana taruwa a cikin jirgi, famfon da ke kwashe shi ba ya hutawa. Na leƙa da madubi da tocila, na ga tiyon dama ya tsage kusa da bakin waje. Na hagu ni na canza shi shekara shida da suka wuce, ta murfin leƙe, don shi yana kusa. Na dama kuwa yana can ƙurya, bayan tankin mai.

"Sai an yanka, Yaya Bunzo," na ce masa, na nuna wurin da ƙafa.

"Nan? A nan uwar jirgin take zaune. Ba za ka sa mata zarto a ka ba."

"To hannu ba ya kaiwa."

"Ka sa ya kai. Ranar Asabar ina da baƙi goma sha biyu."

Gaba kura, baya sayaki. Ranar Talata ke nan. Na kwanta a daɓen nan kamar yadda na sha ganin Tokie tana yi, na zura hannu. Damtsena ya cika ramin tun kafin gwiwar hannu ta wuce, kafaɗata kuwa dama shekara biyu ke nan ba ta ɗaguwa sosai. Na shafa sabulu, na cire riga, na karce fata har jini ya fito. Tsohon tiyon da ƙyar na fizge shi da ƙugiya. Sabon na tura shi da sanda, na lallaɓa har ya hau bakin. Kilif ne ya gagara. Yatsuna biyu ne kawai ke taɓa shi, in na ɗora sukudireba sai ta zame ta faɗa ƙarƙashin tanki. Uku na rasa a nan.

Rikio ya zo ya tsuguna a kan gada yana cin gasasshen dankali. "Sadao, barci kake yi ko aiki? Ita in ta kwanta haka ba ta daɗewa."

"Tafi ka wanke jirginka, yana wari har nan."

"In kira mai shagon?"

"Ka kira uwarka."

A gida Tokie ba ta tambaye ni komai ba. Ta ga karcen hannuna, ta kawo magani ta ajiye. Ranar Laraba da safe na tarar ta sa butar shayinta a cikin jakata. Na fito da ita na dangwarar a kan tebur. Ta ce a hankali, "In bakin ya yi laushi ya fi hawa." Na ce mata na yi shekara ashirin ina wannan aiki kafin ta san yadda ake riƙe tocila. Ta ce haka ne.

Ranar Alhamis da yamma na samu notin ya juya sau uku ko huɗu, na mayar da murfi, na ce wa Bunzo an gama. Ya watsa bokiti biyu a daɓe, ruwa ya fita ta gefe yadda ya kamata. Ya daki bayana ya ɗaga murya don tasha ta ji, "Kun gani? Da tsohuwar zuma ake magani." Aka tafa mini, har Rikio ya cire hula.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san kilif ɗin nan bai kama ba. Bokiti biyu a tashar da ruwa ke kwance ba komai ba ne. Jirgi ya fita mashigin teku, igiyar ruwa ta yi ta dukansa, inji yana girgiza shi awa shida, mutum goma sha biyu su taru a baya, tiyon zai zame kamar safa. Kuma in ya zame, rami ne buɗe a gefen jirgi, a wurin da ba hannun da zai kai ya toshe. Na ci abincin yamma ban san me na ci ba. Na yi ta lissafi a raina cewa wataƙila ya riƙe. Ka ji irin tunanin da kishi ke sa dattijo: ina auna ran mutum goma sha uku da tafin da aka yi mini.

Ranar Juma'a Bunzo ya hau jirgin fito zai je ganin likitan ido, ba zai dawo ba sai yamma. Da rana ta take, mutanen tasha suka watse cin abinci, na shiga kicin na tsaya a bayan Tokie. Sai na ce mata:

"Ki ɗauko jakarki."

Ba ta ce ina za mu ba. Ta kashe wuta, ta ɗauko jaka da buta da wata 'yar kwalbar giyar shinkafa. Muka bi ta bayan rumfar ƙanƙara kamar ɓarayi. Da ta taka daɓen, sai ta durƙusa daidai wurin da Bunzo ya hana yankawa, ta ɗiga giyar, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, gafara dai, ba zan daɗe ba." Na kwance mata murfin. Tana naɗe hannun riga ta ce, "Ka riƙe mini wayar wutar nan gefe, akwai wani tsinin noti a hagu da ke yagar mutum."

Ta kwanta, ta rufe ido. Cikin minti ashirin ta zare tiyon, ta tausasa bakinsa, ta mayar, ta sa kilif biyu. Ta cika shi da shayi, muka zauna muna jira. A zaman nan ne maganarta ta dawo mini. Tsinin noti a hagu. Ni na san shi, shi ya karce ni kwana uku. Amma ni ban gaya mata ba, kuma daga sama ba a ganinsa. Ta faɗe shi tun kafin ta sa hannu.

Ƙyalle ya fito fari. Ta naɗe kayanta ta ce za ta riga ni komawa, kada a gan mu tare. Da ta tafi, na ɗauki madubi da tocila na leƙa ɗaya gefen, tiyon hagu, wanda na canza da hannuna shekara shida baya, na sa masa kilif ɗaya. Biyu na gani. Ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon gefe.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. A nan ɗayan kishin ya taso, wanda na ce ya leƙo daga baya. Yaushe matata ta hau jirgin Bunzo? Sau nawa? Gwauro ne, gidansa shi kaɗai, ni kuma ina can ina tare masa faɗa a tasha. Tsoho mai shekara saba'in da uku da ido ɗaya ke gani, da matata mai jika biyu, amma zuciya ba ta san lissafi ba. Asabar jirgin ya fita ya dawo lafiya, baƙi suka sauka suna murna. Lahadi ma haka. Ni kuwa kwana biyun nan ko kallon Tokie ban yi ba, in ta miƙo mini shinkafa sai in karɓa ina duban bango.

Litinin da safe na sami Bunzo a kan jirginsa yana ɗaura ƙugiyoyi. Ban gaishe shi ba.

"Yaya Bunzo, wa ya taɓa tiyon hagu?"

Bai ɗago ba. "Kai mana. Ko ka manta?"

"Kilif ɗaya na sa."

"To ya haihu."

"Ba wasa na zo yi ba. Hannun matata ne a wurin, na san shi kamar yadda na san nawa. Me take yi a jirginka ba da sanina ba?"

Sai ya ajiye zaren, ya dube ni da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubana. "Au, abin da ka zo da shi ke nan? Kai Sadao, girma ya zo hankali bai zo ba. Zauna."

Ban zauna ba.

"To tsaya. Shekara shida da ta wuce, kwana biyu bayan ka gama, na tarar da ruwa har idon sawu a ciki. Na nufi shagonka in ci maka mutunci, ba ka nan, ka tafi sayen kaya. Ita na tarar. Na ce mata zan kai jirgina wani wuri. Matar nan ta durƙusa a kan siminti, goshinta a ƙasa, ta ce in bar ta ta duba, kada in gaya maka. Na ce hannun mace ba ya shiga. Ta ce to in tambayi mai ɗakin."

"Wace mai ɗaki?"

"Gashin wa kake tsammani ke cikin ramin nan? Na Kinuyo ne. Ita da Tokie shekara nawa suka yi a benci ɗaya suna zare ƙaya? Da Kinuyo ta kwanta ciwo, wa ke zuwa yana wanke mata kai? Na tsaya na yi tunani, na ce in dai wannan ce, ba za ta yi fushi ba. Na buɗe mata."

Na ce, "Sau ɗaya ke nan."

"Sau ɗaya?" Ya yi 'yar dariya. "Famfon da ka sa bara. Wayar fitilar baya. Duk aikin da ka yi a ƙarƙashin daɓen nan, in ka tafi tana zuwa ta bi sawu. Wani ta ce lafiya lau, wani ta ɗan taɓa. Na Alhamis ɗin nan ma, da ba ka kawo ta ba, da ƙarfe uku za ta zo. Me kake tsammani ya kai ni wajen likita ranar Juma'a? Ranar da ya ba ni sai wata mai zuwa."

"To dokar fa? Kai ne kake ihu a tasha."

"Ita ta roƙe ni. Ta ce in ci gaba da faɗa, in ƙara murya ma. Ta ce, 'Yaya, ku bar masa jirgi ɗaya.'"

Na zauna a kan akwatin ƙanƙara. Ashe hular da nake taƙama da ita aro ce, kuma a gidana aka ɗinka ta. Na so in yi fushi, na nemi wanda zan yi da shi na rasa. Kunya ce ta rufe ni, a ƙarƙashinta kuma, ba zan ɓoye ba, kishin nan yana nan bai motsa ba. Ta fi ni hannu, na haƙura ban haƙura ba. Yanzu ga shi ta fi ni zuciya. Ni da na ga ta fi ni, hana ta taka jirgi na yi. Ita da ta ga ta fi ni, jirgi ta ba ni.

Bunzo ya ɗauki zarensa. "Abu ɗaya dai na ji daɗi," in ji shi. "Kai ka kawo ta da ƙafarka. Na yi ta zullumi a jirgin fito, ina cewa ko mutumin nan zai bar ni in fita da baƙi a haka." Ya ja ƙulli da haƙori. "Kuma ka ji, ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. In ka buɗe baki a gida, ni ka kashe. Ka san ta, ba za ta yi faɗa ba, kuka za ta yi, ta ce ta ci maka fuska."

Na koma gida ban ce komai ba. Har yau ban ce ba. Ta san na san ta gyara na dama, tunda ni na kai ta, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba ko da wasa. Sauran kuwa tana tsammanin asirinta a rufe yake. Bunzo yana nan yana ihunsa a tasha, hannun mace ba ya shiga, Sadao ne mai gyaran jirgina. Rikio ya ce mini kwanan baya, "Kai dai ka gode wa tsohon nan, shi ya rage maka." Na ce masa haka ne.

Watan jiya, bayan guguwa ta wuce, Bunzo ya kira ni, famfon cikin jirgi ya tsaya. Na je na canza shi, na yi iya yina, kuma ina ganin ya yi kyau, amma yanzu ban isa in rantse ba. Da na zo mayar da murfi sai na tsaya. Ni mutum ne mai ɗaure noti har sai ya yi ƙara, tun ina saurayi ake yi mini tsiya a kan haka. Noti takwas ne a murfin nan. Shekara shida tana kwance su ita kaɗai, cikin sauri, tana waiwaye kada in dawo. Na mayar da su da yatsa kawai, na bar su sako-sako.

Da na isa gida ta karɓi jakata ta ce, "Sannu da aiki, Baban Natsue. Ya yi?"

"Ya yi."

"Madalla."

Na wanke hannu, na canza riga, na ce mata zan je aski, kuma akwai layi, zan yi awa biyu. Ta ce a dawo lafiya. Na bi ta hanyar tudu, wadda ba ta bi ta tasha. Mai askin ya zaunar da ni, ya ɗaura mini ƙyalle, ya dubi kaina ta gaba ya duba ta baya, ya ce, "Malam Sadao, ai makon jiya na yi maka, babu abin ɗauka a nan." Na ce masa ya aske dai, kuma kada ya yi sauri.